Tarihin Gurguwar Jimla a Jarrabawar Turanci

Duk ɗalibin da ya taɓa shirin rubuta jarrabawar SAT ko GMAT ko TOEFL a shekarun baya, ko ma tamu ta JAMB da WAEC, ya san wani nau'in tambaya da ba ya ɓuya. Za a kawo jimlar Turanci guda, a ja layi a ƙarƙashin wani sashe nata, a jero amsoshi huɗu ko biyar, a ce ya zaɓi wadda ta fi daidai. Saboda yawan cin karo da ita, mutane da dama sun ɗauka cewa tun fil azal haka ake auna iya harshe, kuma wanda ya faɗi a nan ya faɗi a Turanci baki ɗaya. Alhali al'ada ce da aka san lokacin da ta soma da mutanen da suka raine ta. A azuzuwan Ingila ta ɓulla a tsakiyar ƙarni na 18, ta yi ƙarfi a makarantun Amurka a ƙarni na 19, sannan na'urar duba takardu ta ba ta sarauta a ƙarni na 20. Wanda ya bi sawunta zai ga cewa a kowane zango abin da ya tura ta gaba shi ne buƙatar mai koyarwa da ta mai bayar da maki, wato sauƙin aiki da saurin yanke hukunci. Ba a taɓa kawo hujjar da ta nuna cewa ita ce hanya mafi kyau ta koyon rubutu ba. Wannan bai sa ta zama banza ba, domin tana auna wani abu na gaskiya. Sai dai abin ƙarami ne, kuma an daɗe ana ba shi girman da ba nasa ba.

Kafin nahawun Turanci ya shiga makaranta, nahawun Latin ake karantarwa. Makarantun da mutanen Ingila suke kira makarantun nahawu an kafa su ne don Latin, harshen ilimi da manyan littattafai, shi kuwa Turanci ana ganin yaro zai tsince shi a gida. William Bullokar ya wallafa nahawun Turanci na farko a 1586, a kan tsarin Latin ya ɗora shi, kuma sai da aka shafe fiye da shekara 150 kafin irin waɗannan littattafai su zama kayan kasuwa sosai. Faransa ta kafa majalisar kula da harshenta tun 1635. Marubucin nan Jonathan Swift ya nemi a yi wa Ingila irinta a 1712, maganar ta bi ruwa. Da yake babu hukuma, aikin sai ya faɗa hannun malaman makaranta da limaman coci da masu buga littattafai. A daidai lokacin kuma ciniki yana bunƙasa, 'yan kasuwa da masu sana'a suna samun abin hannu, suna son 'ya'yansu su rubuta wasiƙa ko su yi magana a gaban manya ba tare da an gane daga gidan da suka fito ba. Mutumin da ke cikin wannan hali bai damu da bayanin yadda harshe yake aiki ba. So yake a nuna masa inda zai ji kunya, a gaya masa yadda zai kauce. Littafin da ya jero kurakurai shi ya fi biya masa buƙata, shi ne kuma ya fi shiga kasuwa.

Wadda ake danganta wa shigo da wannan dabara cikin koyar da Turanci wata malamar makaranta ce a birnin Newcastle, Ann Fisher, wadda littafinta na nahawu ya fara fitowa a 1745, aka kuma yi ta sake buga shi. Ta zuba jimloli da aka ɓata da gangan, nan aikatau bai dace da mai aikin ba, can wakilin suna ya saɓa wa sunan da yake wakilta, ta ce yara su gyara. Daga darasin Latin ta aro hanyar, kuma ba wuya a ga abin da ya sa malamai suka rungume ta. Malami ɗaya zai ba aji guda aiki a lokaci ɗaya, ya san amsar tun kafin yaro ya ɗauki alƙalami, ba sai ya zauna yana karanta shafuka ba. A 1762 sai Robert Lowth, tsohon malamin Jami'ar Oxford wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya fitar da ɗan littafinsa na nahawu, ya ba dabarar martabar da ba ta da ita a da. Ra'ayinsa shi ne bai isa a nuna daidai ba, sai an haɗa da nuna abin da ba daidai ba. A ƙasan shafuka ya riƙa kawo abin da yake ganin kuskure ne daga rubutun Shakespeare da Milton da Pope da Swift, har da fassarar Baibul ta zamanin Sarki James. Darasin da mai karatu ya ɗauka daga nan yana da nauyi. Idan waɗannan mashahurai ma suna kuskure, to ashe ba yadda gwanaye suke amfani da harshe ne ma'auni ba, mai riƙe da littafin ƙa'ida shi ne alƙali. Shekara guda kafin nan, a 1761, Joseph Priestley, wanda aka fi sani da bincikensa kan iskar da muke shaƙa, ya wallafa nasa nahawun, yana mai cewa al'adar masu harshe ita ce asalin ma'auni. Masana harshe na yau sun fi karkata ga Priestley, amma aji ya bi Lowth, domin ra'ayin Priestley ba ya ba malami amsa ɗaya da zai sa wa maki.

Yana da kyau a tsaya a dubi wasu daga cikin ƙa'idojin da aka gada daga wancan zamani, don a ga da me aka gina su. Lowth ya ce kore biyu a jimlar Turanci suna kashe juna, maganar ta koma tabbatarwa, kuma malaman baya suka riƙa kafa hujja da lissafi. Amma Chaucer, babban mawaƙin Ingila na ƙarni na 14, yakan jera kore biyu ko uku don ƙarfafa magana, har gobe kuma miliyoyin masu Turanci a Ingila da Amurka haka suke yi ba tare da wani ya rikice ba. Bahaushen da yake cewa bai zo ba, da kalmar korewa a gaba da baya, ya riga ya san cewa harshe ba ya bin dokar lissafi. Abin da ya faru shi ne wannan salo ya riga ya fara ɓacewa daga rubutun masu ilimi kafin Lowth, ya rage a bakin talakawa, ƙa'idar sai ta zo ta buga hatimi a kan bambancin da ke tsakanin mutane. Haka batun ƙare jimla da ƙananan kalmomin nan irin su to da with da of. John Dryden ne ya soki Ben Jonson a kan haka a 1672, yana auna Turanci da Latin, inda ba a yin haka. Shi kansa Lowth bai haramta ba. Cewa ya yi Turanci yana da karkata zuwa ga wannan salo, ya dace da hira da rubutu mai sauƙi, amma a rubutu mai nauyi ɗaya salon ya fi kyau. Shawara ce ta dattijo a kan wurin da kowane salo ya dace. Da ta bi ta hannun masu taƙaitawa har ta isa allo, sai ta zama haramci. Wannan shi ne halin gurguwar jimla tun farko. Ba ta da wurin da za a rubuta “ya danganta”, don haka duk abin da ya shiga cikinta sai ya fito ko halas ko haram.

Wanda ya kai al'adar kowane lungu shi ne Lindley Murray, lauya haifaffen Pennsylvania, ɗan ɗariƙar Kirista ta Quaker, wanda ya yi ƙaura zuwa kusa da birnin York a Ingila. A 1795 ya rubuta nahawu domin wata makarantar 'yan mata ta 'yan ɗariƙarsu, mafi yawansa daga Lowth ya ɗebo. A 1797 ya biyo da littafin ayyukan gyaran jimla, tare da wani ɗan littafi daban mai ɗauke da amsoshi. Wannan haɗi na tambaya da amsa shi ne kakan duk littattafan shirin jarrabawa da ake sayarwa a yau. An sayar da miliyoyin kwafin littattafan Murray a Birtaniya da Amurka, kuma a 1851 Goold Brown ya fitar da wani tafkeken nahawu mai shafi fiye da 1,000, cike da jimlolin marubuta da na sauran masu nahawu da ya yanke wa hukuncin kuskure. Daga aji sai ƙofar jami'a. A 1874 Jami'ar Harvard ta sa rubutun insha'i cikin jarrabawar shigarta, sai ga shi kusan rabin masu nema, 'ya'yan manyan makarantu, suna faɗuwa a wasu shekarun. A shekarun 1880 jami'ar ta ƙara da wani sashe inda ake ba ɗalibi gurɓatattun jimloli ya gyara. Makarantun sakandare, waɗanda darajarsu ta rataya a kan yawan yaran da suka shigar Harvard, suka shiga horar da yara a kan farautar kuskure. Tun a nan aka fara ganin abin da zai riƙa maimaituwa, wato jarrabawa ta zaɓi abin da ke da sauƙin dubawa, makaranta kuma ta mai da shi manhaja.

Har zuwa wannan lokaci da hannu ɗalibi yake rubuta gyaransa, mutum ne kuma yake dubawa. Hukumar jarrabawar shiga kwalejoji ta Amurka, College Board, da aka kafa a 1900, ta yi jarrabawarta ta farko a 1901 da ɗalibai 973, duk a rubuce. Abin da ya sauya lamarin shi ne yawan jama'a da kuma wani bincike mai tayar da hankali. A 1912 Daniel Starch da Edward Elliott suka aika wa makarantu kwafin takardun Turanci guda biyu, malamai 142 suka duba. Takarda ɗaya ta sami maki daga 64 zuwa 98, ɗayar daga 50 zuwa 97. Da suka maimaita da takardar lissafi, tazarar ma sai ta fi haka. Frederick Kelly, wanda ya yi nasa nazarin a kan saɓanin makin malamai, ya fito da jarrabawar karatu ta Kansas a 1915, wadda ake lissafawa cikin na farko da suka yi amfani da zaɓin amsa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya gwada dabarar a kan sojojin Amurka kimanin miliyan 1.7 a ƙarƙashin Robert Yerkes. Ɗaya daga cikin mataimakansa, Carl Brigham, shi ya tsara SAT, wadda aka fara yi a watan Yunin 1926 da ɗalibai kimanin 8,000. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin IBM ya fitar da na'urar da ke karanta zanen fensir a kan takarda, bisa ƙirƙirar wani malamin sakandare na Michigan, Reynold Johnson. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disambar 1941, College Board ta soke tsofaffin jarrabawowinta na rubutu saboda gaggawar yaƙi, ba ta kuma dawo da su yadda suke ba. A 1947 aka kafa hukumar jarrabawa ta ETS a Princeton don ta riƙa gudanar da wannan sabon tsari.

Na'ura ba ta karanta insha'i, ba ta kuma san ma'ana ba. Abin da take gani shi ne wane gurbi aka cike. Don haka masu tsara tambaya suka nemi wani abu a cikin fannin Turanci mai amsa guda wadda za a iya karewa idan an yi ƙorafi, sai suka tarar Fisher da Murray sun riga sun tanadar musu. TOEFL da aka fara a 1964 ta daɗe da sashen nahawu mai zaman kansa. Daga 1974 zuwa 1994 ana haɗa wa masu rubuta SAT wata gajeruwar jarrabawa ta daidaitaccen rubutaccen Turanci, minti 30, duk zaɓi ne. Jarrabawar shiga manyan makarantun kasuwanci, wadda aka fara a 1954 aka kuma raɗa mata suna GMAT a 1976, ita ta fi kowa shahara da gyaran jimla: amsoshi biyar, ta farko tana maimaita jimlar yadda take, sauran huɗun suna sauya ta. A gefe kuma sana'ar shirya ɗalibai ta tashi. Stanley Kaplan ya fara tasa a Brooklyn a 1938, Princeton Review ta biyo a 1981. Da yake nau'o'in kuskuren da ake tambaya ba su da yawa, dacewar aikatau da mai aiki, wakilin suna da abin da yake nuni gare shi, sifar da aka ajiye nesa da abin da take sifantawa, jerin abubuwan da ba a yi musu gini iri ɗaya ba, da kwatancin da bai haɗa abubuwa masu kama ba, sai ya zama ana iya haddace su a 'yan makonni. Har ma aka riƙa koya wa ɗalibi yadda zai watsar da amsoshi uku ta duban kalma ɗaya da ta bambanta su, tun bai gama fahimtar abin da jimlar take faɗa ba.

Masu kare wannan tsari suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce adalci. A 1961 Paul Diederich da abokan aikinsa a ETS suka ba mutane 53 masu ilimi insha'i 300 su jera su a matakai tara. Guda 101 daga ciki sun sami kowane mataki daga na ɗaya har na tara, kuma babu insha'in da ya sami ƙasa da matakai biyar daban-daban. Wanda ya ga wannan ba zai yi saurin zargin masu na'ura ba. Mai duba takarda yakan gaji, yakan ji haushin mummunan rubutun hannu, yakan so ra'ayin da ya yi daidai da nasa, ita kuwa na'ura ba ta san ɗan wane ba. Dawo da gajeren insha'i ma bai warware matsalar ba. Lokacin da SAT ta ƙara insha'in minti 25 a 2005, Les Perelman na jami'ar MIT ya nuna cewa tsawon rubutun kaɗai yana hasashen makin da za a ba shi ƙwarai da gaske. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ma'auni ya riƙa ba da sakamako iri ɗaya kullum abu ne daban, ya auna abin da ake nufi kuma abu ne daban. Ita kanta amsar da na'ura take riƙe da ita mutum ne ya zaɓe ta, an dai gusar da hukuncinsa ne daga ɗakin duba takardu zuwa ɗakin tsara tambaya, inda ba a ganinsa. A jarrabawar PSAT ta 2002, wadda ake yi don share fagen SAT, an kawo wata jimla a kan marubuciya Toni Morrison, amsar hukuma ita ce babu kuskure. Wani malamin sakandare a jihar Maryland ya yi ƙorafi cewa wasu littattafan nahawu sun hana wakilin suna ya koma ga sunan da ke cikin sigar mallaka. Bayan watanni ana kai ruwa rana, aka soke tambayar, aka sake lissafa makin ɗalibai kusan 500,000. Masana harshe kuwa suka ce ƙa'idar ba ta da tushe, gwanayen marubuta sun daɗe suna rubuta irin wannan jimla. Hukumar ta ce daidai ce, littattafan makaranta suka ce kuskure ce, masana suka ce littattafan ne suka yi kuskure, kuma makin yara ne a tsakiya.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. A 1966 Fred Godshalk da Frances Swineford da William Coffman suka wallafa bincike domin College Board, inda suka sa ɗalibai rubuta insha'i da dama, mutane da yawa suka duba kowanne, sannan aka kwatanta da makinsu na tambayoyin zaɓi. Sakamakon ya nuna alaƙa mai ƙarfi, wanda ya ci gyaran jimla galibi shi ne mai kyakkyawan rubutu. To in haka ne, mece ce matsalar? Matsalar tana cikin dalilin alaƙar. Yaron da ya yi shekaru yana karatu da rubutu kunnensa ya saba da daidaitaccen harshe, don haka yana gane gurguwar jimla ba tare da wahala ba. Iya gyaran alama ce ta wani dogon aiki da aka riga aka yi. Amma da zarar an san cewa alamar ake tambaya, sai a bar aikin a kama alamar, a nan kuma alaƙar take raunana. Mai iya gane ɗinkin da ya karkace ba lallai ne ya iya yanka yadi ya ɗinka riga ba, ko da yake kowane tela na ƙwarai yana gane karkataccen ɗinki. Binciken aji ya tabbatar da haka sau da dama. A 1963 Richard Braddock da abokansa suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi domin ƙungiyar malaman Turanci ta Amurka, suka kammala da cewa koyar da nahawu shi kaɗai ba ya ƙara wa rubutu wani abin a zo a gani, yana ma iya cutarwa idan ya cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun. A shekarun 1970 Warwick Elley da abokansa suka bi ɗaliban wata sakandare a New Zealand har shekara uku, ba su sami wani bambanci na kirki a rubutu tsakanin waɗanda aka koya wa nahawu da waɗanda aka ba ƙarin karatu ba. A 2007 Steve Graham da Dolores Perin suka sake tattara bincike suka iso wuri guda, amma suka gano cewa koya wa yaro haɗa gajerun jimloli su zama doguwa mai ma'ana yana taimakawa. Wato gina jimla yana koyar da abin da farautar kuskure ba ta koyarwa.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi taɓa zuciya. Za a ce daidaitaccen harshe dole ne, da shi ake rubuta doka da kwangila da rahoton likita, kuma ɗan talaka ne ya fi buƙatar a gaya masa ƙa'ida ƙarara, tunda ba zai ji ta a gida ba. Hana shi nahawu da sunan cewa kowane salo daidai ne zalunci ne, domin duniya ba za ta yi masa wannan rangwame ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma yawancin abin da jarrabawowin zamani suke tambaya ba tatsuniyoyin Dryden ba ne, abubuwa ne da edita na ƙwarai zai gyara, kamar sifar da ta maƙale a wurin da ba nata ba har ta juya ma'ana. Abin tambaya shi ne mene ne ainihin abin da ɗan talakan ya rasa. Charles Fries na Jami'ar Michigan ya yi nazarin dubban wasiƙun da Amurkawa suka rubuta wa gwamnatinsu, ya wallafa sakamakon a 1940. Ya tarar cewa bambancin nahawu tsakanin masu zurfin ilimi da marasa shi bai kai yadda littattafan makaranta suke zato ba. Babban bambancin shi ne marasa ilimin suna amfani da kaɗan ne daga cikin dukiyar harshen, kalmominsu da salon gininsu ba su da yawa. Wanda matsalarsa ƙarancin kaya ce, jero masa haramtattu ba zai wadata shi ba. Mu ma da muka gaji karatun zaure mun san wannan tsari ta wata fuska. Hariri, wanda ya rasu a 1122, ya rubuta littafi a kan kurakuran da manyan masu ilimi suke yi a Larabci, amma abin da malamanmu suka fi sa almajiri ya zauna a kai shi ne Maƙamominsa, tare da Ajurumiya da Alfiyar Ibn Malik, ana karanta nassi ana warware nahawunsa a cikinsa. Bincike na baya-bayan nan, kamar wanda Debra Myhill ta jagoranta a Jami'ar Exeter aka wallafa a 2012, ya nuna cewa nahawu yana amfani idan an koyar da shi a cikin rubutun da ɗalibi yake yi, ana nuna masa abin da kowane zaɓi yake yi wa ma'ana.

Su kansu masu jarrabawar sun fara ja da baya. TOEFL ta cire sashen nahawu mai zaman kansa a 2005 da ta koma intanet, ta sa magana a madadinsa. IELTS, wadda ta fara a 1989, ba ta da irin wannan sashe, a cikin rubutu da magana take auna nahawu. SAT ta daina kawo jimla ita kaɗai a 2016, ta koma gyara a cikin dogon nassi, kamar yadda takwararta, jarrabawar ACT, ta daɗe tana yi. GMAT kuwa, gidan da gyaran jimla ya fi daɗewa yana mulki, ta cire shi ɗungurungum a sabon tsarin da ta fito da shi a Nuwamban 2023. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin nasarar rubutu ba, domin GMAT ta cire insha'i a lokaci guda, SAT ma ta soke nata a 2021, kuma gajarta lokaci da gasar kasuwa suna cikin dalilan. SAT ta kwamfuta har yanzu tana ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tambayoyin karatu da rubutu ga ƙa'idojin daidaitaccen Turanci. Abin da za a iya cewa kawai shi ne, tambayar da aka yi shekaru ana hana mutane gurbin karatu saboda ita, an wayi gari an ajiye ta, manyan makarantun kasuwanci kuma sun ci gaba da ɗaukar ɗalibai ba tare da ita ba.

A Nijeriya al'adar tana nan da ƙarfinta. WAEC, da aka kafa a 1952, tana haɗa tambayoyin zaɓi da insha'i da fahimtar nassi da taƙaitawa, wanda ya fi adalci. JAMB kuwa, da aka kafa a 1978, duk zaɓi ce, Turanci wajibi ne ga kowane ɗalibi, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Ga yaron da Turanci harshensa na biyu ne ko na uku, wanda sau da yawa bai taɓa karanta littafin labari guda daga farko zuwa ƙarshe da Turanci ba, jarabar haddace tsofaffin tambayoyi tana da ƙarfi, kuma ba laifinsa ba ne. Ɗalibi ya koyi waɗannan ƙa'idoji, ya koye su sosai, domin da su za a buɗe masa ƙofa, amma ya san cewa ƙa'idojin rubutun hukuma ne da aka tara a wani wuri a wani zamani, kuma faɗuwa a kansu ba hukunci ba ne a kan basirarsa. Malamai da shugabannin makarantu su ne ke da babban nauyi. Watanni biyu ko uku kafin jarrabawa sun isa a bi tsofaffin tambayoyi. Sauran shekarun sakandare a sa yara su karanta littattafai cikakku, su rubuta insha'i kowane mako, a duba, a mayar musu su gyara jimlolin da suka fito daga hannunsu.